Neman kalmar Hausa: me za mu kira "birki-fad"?

Jama'a, assalamu alaikum. Ga wata 'yar wuya da na ci karo da ita, na ce bari in kawo ta gabanku.

Makon jiya ina gangarowa daga gadar Kwangila a nan Zariya zan nufi Samaru, ina taka birki sai na ji tayar gaba tana ƙiiii, kamar mahauci na wasa wuƙa. Na juya na kai motar gareji a Sabon Gari. Makanike ya ɗaga ta da jak, ya kwance taya, ya leƙa, ya ce, "Malam, birki-fad ɗinka ya cinye." Na biya aka sa sabo. Da daddare Baba ya tambaye ni abin da ya tsare ni a gareji har la'asar, na gaya masa. Ya ce, "Birki dai na san shi. Mene ne kuma fad?" Wallahi na yi ta kwatance da hannu kamar kurma.

Birki, totur, giya, sitiyari, salansa, duk aro ne, amma sun zauna a bakinmu har sun zama 'yan gida. Shi wannan "fad" ɗin har yau a zaure yake tsugune. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ai da kunya a ce ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba ya gagare mu suna.

Ga wanda bai taɓa leƙawa ba: bayan taya akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. A bakin faifan an ɗora wani ƙarfe kamar sirdi, shi ne makanikai ke ce wa kalifa (ba ruwansa da halifan zawiyya). A cikinsa abin namu yake, guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Kowanne farantin ƙarfe ne da aka manna wa wani haɗi mai tauri a fuska. In ka taka birki, man birki ya tura wani ɗan ƙarfe mai dannawa da ake kira fistin, su biyun su matse faifan a tsakiya. Gogayyar nan ita ke cin gudun mota, ita ce kuma ke cin su. Sabo yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen 3 lokacin canji ya yi. Ƙarar da na ji ma da gangan aka yi ta: akwai ɗan harshen ƙarfe da ke fara taɓa faifai in abin ya kusa ƙarewa. Ka toshe kunne, ƙarfe ya hau ƙarfe, sai ka sayi faifai ma.

To, me za mu kira shi?

Tun da na jefa wannan tambaya na ga amsoshinku, Allah ya saka da alheri. Wani ɗalibi daga Kongo ta nan Zariya ya ce "matashin birki". Ƙanena, wannan ƙamus ka buɗe ka kwaso. Matashi abin hutawa ne mai laushi, wannan kuwa in mota ta sha gangare ba ka iya ɗora masa yatsa don zafi. Na ajiye shi gefe.

Da yawa sun ce "takalmin birki". Kalma ce mai daɗi, sai dai tana da mai ita. Wani tsohon direba da ya ce ya yi shekaru yana jan Fijo 504 tsakanin Zariya da Kano, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ya ja kunnena: "Ɗana, kada ku haɗa su. Takalmi na cikin ganga ne." Gaskiyarka, Baba. Birkin ganga, wanda har yanzu ake samu a tayoyin baya na motoci da yawa da kuma babura, nasa lanƙwasasshe ne kamar jinjirin wata, kuma buɗewa yake yi ya tokare gangar ta ciki. Namu miƙaƙƙe ne, matsewa yake yi. In suna ɗaya muka ba su, ranar da ka aiki yaro kasuwa zai dawo maka da abin da ba zai shiga ba.

"Fatar birki" ita ta fi ba ni wahala, don tana da tarihi a bayanta. A 1888, lokacin da Bertha Benz ta tuƙa motar mijinta daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus, katakon birkin ya cinye a hanya, ta tsaya wajen mai gyaran takalmi ya buga masa fata. Ashe baduku ne ya fara wannan gyaran da na biya kuɗi aka yi mini. Amma yau babu ko ƙyallin fata a jikinsa, ƙarfe ne da tagulla da wasu sinadarai da aka toya wuri guda. Ga kuma wata rigimar: mu Zage-zagi "fatan birki" za mu ce, Kanawa su tasa mu gaba da tsiya har gobe.

Wani ya ce "magogin birki". Ma'anar ta yi daidai, tunda gogawa yake yi. Ni dai da na ji magogi, haƙora nake tunawa.

Ga tawa shawarar: tafin birki.

Ku dubi yadda inna ke riƙe faifai tsakanin tafukanta biyu. Haka abin nan yake yi wa faifan ƙarfe, kuma girmansa ma kusan na tafin hannu ne. Tafi ba ya aiki shi kaɗai, haka shi ma: biyu ne a kowace taya, kuma ba a canza na dama a bar na hagu, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe ɗaya in an taka birki. Sannan ya zauna lafiya da maƙwabcinsa: ganga da takalmi, faifai da tafi. Jam'insa a shirye yake, tafukan birki.

Wani malamin Hausa daga Samaru ya ce a rubuce "tafi" na hannu da "tafi" na tafiya duk ɗaya ne, kuma birki da tafiya ba sa ga-maciji. Allah ya gafarta malam, na yi dariya. Amma da zarar an ce "tafin birki", wannan "n" ɗin ya raba gardama, babu mai cewa "tafin" yana nufin wucewa.

Ɗazu da safe na koma garejin, don birkin ya ɗan yi mini laushi. Makanike ya duba ya ce lafiya lau, sabo ne, sai ya ɗan yi tafiya zai zauna a kan faifan. Ya ƙara tuna mini cewa duk ranar da aka canza shi, kada in tashi mota sai na tattaka birki sau da yawa har ya yi tauri, tunda an mayar da fistin baya. Sai na gwada shi. Na ce, "Oga, tsofaffin tafukan birkin nan nawa fa, kun zubar?"

Ya yi shiru yana kallona. Kafin ya buɗe baki, yaronsa ya sunkuya ƙarƙashin benci ya zaro su guda huɗu, baƙi ƙirin, ya miƙo mini.