Na kasa yin addu'a tun rasuwar maigidana

'Yan'uwa a cikin Almasihu, ina gaishe ku. Wata 8 ke nan da rasuwar maigidana bayan shekara 24 muna tare, kuma tun ranar da aka binne shi bakina ya yi nauyi wajen addu'a. Kowace asuba nakan durƙusa inda muka saba durƙusawa, Littafi Mai Tsarkinsa yana gefena da alamar da ya bari a ciki, in fara Addu'ar Ubangiji, amma da zarar na kai wurin roƙon a yi nufin Allah, sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Masu ta'aziyya sun yi ta karanta mini Romawa 8:28, wadda ta ce dukan abubuwa suna aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, da kyakkyawar niyya kuwa, sai dai ayar ba ta ratsa zuciyata ba tukuna. Zabura 88 kaɗai nake iya kaiwa ƙarshenta, wataƙila domin ita ma cikin duhu ta ƙare.

Shin wannan shiru nawa zunubi ne, ko shi ne nishin da Romawa 8:26 ta ambata, inda ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya furtuwa? 'Yar'uwar da ta taɓa bin wannan hanya, don Allah da me kika fara?