Mijina ɗan Sudan ne, bizarsa ta ƙare, Baba ya ce na dawo gida

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shugaban zaure a sakaya sunana. Ni 'yar Birnin Kebbi ce, karatu ya kai ni Jami'ar Afirka da ke Khartum, can na haɗu da mijina. Ɗan Mai Wurno ne, garin nan na kusa da Sinnar inda zuriyar mutanen da suka bi hijirar Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna. Kakarsa har ta koma ga Allah Hausa da Fulatanci take yi. Shi ma yana jin Hausa, sai dai da ya buɗe baki ka san Larabci ya riga ta shiga. Baba da fari ƙin auren ya yi ƙememe, sai da Kawu ya je har Mai Wurno, ya kwana a gidansu, ya ci kisra da miyar kuɓewa, ya dawo ya ce mutanen kirki ne kuma namu ne. Ko a kan lefe an kai ruwa rana, don al'adarsu daban, amma wannan ya wuce.

Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 muna cikin azumi, ina da goyo. Ni da yarinya muka bi motocin ɗaliban Najeriya zuwa iyakar Masar, aka kwaso mu daga Aswan. Shi ya tsaya fitar da mahaifiyarsa, daga baya ya biyo mu. Yanzu yaranmu biyu. Ilimin haɗa magunguna ya karanta, amma ba shi da izinin aiki, wuni yake a bayan kanta a shagon ƙanena yana jera kwali. Bizarsa ta ƙare. Takardar aurenmu, wadda suke kira ƙasima, tana cikin durowar gidanmu na Khartum, Allah kaɗai ya san ko gidan yana tsaye. Wani ejan ya karɓi dubu 350 a hannuna, yanzu ko waya ba ya ɗagawa. Baba ya ce ko a gyara takardu ko na kwaso yara na dawo gida, shi ba zai jira ranar da za a zo a kama surukinsa a gaban mutanen unguwa ba. Barci ba na iya yi. Me zan yi?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita 'yar uwa. Amma ba ki faɗa mana wace irin biza ce ba, kuma yaushe ta ƙare?

Alhaji Ɗan Kamba:
Ɗiyata, mi na abin rashin barci nan? Mutumin da kakanninai sunka fito ƙasar ga, wa ka ce mai baƙo? Ki kai shi wajen hakimin garinku a rubuta takarda, ƙaramar hukuma ta ba shi shaidar ɗan asali, ya yi NIN, magana ta ƙare. Ni uwargidana 'yar Gaya ce, tun tana amarya har yau da jikoki ba wanda ya taɓa tambayar ta biza. Masu ce maki Abuja, Abuja, kuɗinki suka so.

Anti Lauya:
Baba Alhaji, da girmamawa, wannan shawarar za ta iya kai shi gidan yari. Shaidar ɗan asali ta ƙarya laifi ce, kuma an ɗauki hoton yatsunsa da fasfon Sudan in ta halastacciyar hanya ya shigo. Ƙanwata, ga yadda doka take. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba macen waje da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa. Namijin waje da ya auri 'yar Najeriya bai samu wannan ba. An kai ƙudirin gyara haka majalisa, suka kayar da shi ranar 1 ga Maris 2022. Abin da ya rage masa sashe na 27 ne, mai neman zaman shekara 15. Yaranki kuwa 'yan Najeriya ne ta wajenki, sashe na 25, ki yi musu fasfo tun yanzu. Shi kuma ba zama ɗan ƙasa ne a gabansa ba, izinin zama ne. Akwai rukunin biza na wanda ya auri ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa, amma tushensa takardar aure. Ki je kotun shari'a da Kawunki da shaidu a tabbatar da auren a rubuce. Matsalar da ta fi girma ita ce wuce wa'adi: a 2025 gwamnati ta sanar da tarar dala 15 a kowace rana da haramcin sake shigowa, afuwar da aka bayar ta rufe a ƙarshen Satumban shekarar.

Alhaji Ɗan Kamba:
Ku 'yan boko da sashe kaza sashe kaza! Sashen nan ya hana a rufe muna iyaka a 2023? Bayan juyin mulkin Nijar motata biyu ta albasa ta ruɓe tsakanin Kamba da Gaya, ina kallo ruwa na zuba ƙarƙashin mota, ƙuda ya rufe tamfol. Wata bakwai ba kasuwa. Wa ya biya ni? Da munka tsaya jiran takarda da yunwa ta kashe mu.

Malamin Argungu:
Alhaji, Allah ya mayar da alheri, amma Gaya daban, Sinnar daban. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba 'yan Nijar shiga ba biza har kwana 90, Sudan ba ta taɓa zama a ciki ba. Ita Nijar ɗin ma ta fice a Janairun 2025. Ni ina ganin ya je Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa a Abuja ko UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nemi mafaka. Ƙasarsa yaƙi ake yi, kuma ƙa'ida ce ba a mayar da mai neman mafaka inda ransa ke cikin haɗari.

Mai tambaya:
Na gode Malam, amma ba zai yarda ba. Na taɓa kawo masa maganar, kwana ya yi bai ci abinci ba. Ya ce shi mijin 'yar gida ne, ba zai bi layi da kati a kira shi ɗan gudun hijira ba. Kuma in ya yi hakan, anya zai iya zuwa duba mahaifiyarsa a Alƙahira? Anti, maganar kotu kuma, Baba zai ce mun tona wa kanmu asiri, a gari kowa ya san mu.

Maman Biyu:
Har yanzu dai ba ki ce yaushe bizar ta ƙare ba.

Gwaggon Jega:
Ni dai ɗiyata abin da zan ce miki, ki riƙe fasfon yaranki a ɗakin mahaifiyarki. Nawa mijin ɗan garinmu ne ma, ya tafi Umara ya maƙale a Jidda, shekara da shekaru sai saƙon murya da sallah. Ni ke saƙa hula ina biyan kuɗin makaranta. Ranar da naki ya ce zai leƙa Alƙahira, ki san inda yaranki suke.

Mai tambaya:
Haba Gwaggo! Mutumin da ya ratso yaƙi ya biyo mu ba irin wannan ba ne. Kuma masu turo min saƙo ta gefe suna cewa wa ya aike ni auren ɗan waje, ba wannan na tambaya ba. Ejan ɗin ma ba da ka na ba shi kuɗi ba, aminin yayana ne ya kawo shi.

Anti Lauya:
Ba wanda ya zarge ki. Amma kin ƙi kotu, ya ƙi mafaka, tara kuwa ba ta jiran kowa. Sannan fasfonsa na Sudan fa, da sauran wa'adi? In fasfon ya mutu, ofishin jakadancinsu na Abuja ne farko kafin komai. Kuma ta ina ya shigo, an buga masa hatimi? Ba zan iya ce miki komai a kan tara ba sai na san waɗannan.

Alhaji Ɗan Kamba:
To kun gani? Ta kai shi ofis da ƙafarta, su lissafa mata dala 15 sau kwanakin, ta sayar da gidan ubanta ke nan. Ɗiyata, ki turo shi Kamba wajena. Hakiminmu abokina ne tun firamare.

Malamin Argungu:
Alhaji, don girman Allah ka daina faɗin haka a zaure mai mutum da yawa.

Mai tambaya:
Anti, ta Chadi ya shigo, amma labarin da tsawo, sai na tambaye shi ko ya yarda na faɗa. Baba Alhaji, daga Birnin Kebbi zuwa Kamba akwai shingen masu duba takardu a hanya?