Mura mai yawan dawowa: jan kunne ce daga Allah?

Tauraruwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da na fara koyarwa a ajin ƙananan yara, mura ta ƙi barina in sarara. Yanzu haka hancina a toshe yake, murya ta dishe. Wata ƙawata ta ce in binciki tsakanina da Ubangijina, wai ciwon da ke yawan dawowa jan kunne ne. Maganar ta tsaya mini a rai. Garkuwar jikina ce ta yi rauni, ko akwai saƙon da na kasa ganewa?

Mai Jinya:
Wa alaikumus salam. Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Amsar tana cikin ajinki. Ƙwayoyin bairos da ke kawo mura sun haura iri 200, mafi yawansu dangin rhinovirus ne. Jiki yana gane wanda ya taɓa kama shi, amma na gaba baƙo ne. Shi ya sa babba kan yi mura sau 2 ko 3 a shekara, yaro ƙarami kuwa sau 6 zuwa 8. Ke kuma kullum kina tsakiyarsu, suna tari, suna riƙe miki hannu.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, majinar nan da toshewar hanci da atishawa, yawancinsu aikin garkuwar jiki ne. Jijiyoyin jini na hanci ke kumbura don fararen ƙwayoyin jini su iso wurin. Ko majina ta koma kore, sau da yawa launin daga su yake. Don Allah kada ki sayi antibayotik, ba ya taɓa bairos. Cikin kwana 7 zuwa 10 takan lafa, sai dai tari ya ɗan ja.

Almajirin Ilimi:
'Yar'uwa, ƙawarki na nufin alheri, amma ta yi karambani. Wa ya nuna mata abin da Allah yake nufi da ciwon wani? Annabawa sun yi rashin lafiya, Annabi Ayuba ya sha jinya mai tsawo, kuma ba don laifi ba. Abin da ya tabbata a hadisi shi ne duk gajiya ko ciwo ko damuwa da ta sami mumini, har ƙayar da ta soke shi, ana kankare masa zunubi da ita. To ina ga mura? Akwai ma ruwayar da wani ya yi atishawa gaban Manzon Allah (SAW), ya yi masa addu'a, da ya sake sai ya ce mutumin mura yake yi. Bai ce masa je ka tuba ba. Istigfari kullum alheri ne, ki yi shi da lafiya da ciwo, amma ba cikin zargin kai ba.

Baban Yara:
Ni ina ganin akwai ɗan saƙo, sai dai daga jiki yake fitowa. Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1991, wanda aka yi a Ingila: an ɗiga wa masu sa kai ƙwayar mura a hanci, waɗanda damuwa ta fi yi wa yawa suka fi kamuwa. A 2009 kuma suka nuna masu barcin ƙasa da awa 7 sun fi masu awa 8 kamuwa kusan ninki uku. Malama, ƙarfe nawa kike kwanciya?

Tauraruwa:
Hmm, Baban Yara ka kama ni. Sai na gama duba littattafan yara, dare ya raba. Na gode muku duka. Mai Jinya, yaushe ne ya kamata in ga likita?

Mai Jinya:
In ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ta lafa ta dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji ko numfashi da kyar, kada ki jira. Kafin nan ki yawaita wanke hannu da sabulu, ki rage taɓa ido da hanci, yaran ma ki koya musu tari a gwiwar hannu.