Ina so in ɗauko 'yar ƙanena zuwa Ingila, ta ina zan fara?

Ummu 'Yar Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ringim, aikin jinya ya kawo mu Ingila ni da maigidana. Da bizar aiki muke zaune, ba mu samu takardar zaman dindindin ba tukuna. Ƙanena ya rasu bara, ya bar yarinya 'yar shekara shida. Uwarta ta yi aure a Gumel, mijin ya ce ba ya son agola, yarinyar tana hannun Innarmu, ita kuma ido ya fara gazawa. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, dangi duk sun ce in ɗauke ta. Don Allah wanda ya taɓa kai ɗan riƙo ƙasar waje ya faɗa mini yadda ya yi da abin da ya kashe.

Direban Kazaure: Allah ya jiƙansa. Hajiya ai da sauƙi, ki yi mata bizar umara, in ta shiga shi ke nan.

Ummu 'Yar Ringim: Ingila na ce, Malam.

Malamin Islamiyya: Riƙon maraya lada ne babba, amma a kiyaye. Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, shi ya sa Zaidu ya koma ɗan Harisa. Ba za ta gaje ki ba, sai dai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Kuma ke gwaggonta ce, amma mijinki ba muharraminta ba ne.

Maman Hassana: 'Yar uwa, ni uwa ce da aka yi wa haka, ki saurare ni. Mijina ya rasu 'yata tana da shekara uku, a ƙasar Ɓaɓura. Yayarsa da ke Jidda ta ce a ba ta. Ba wanda ya tambaye ni, baffanninta suka zauna a zaure suka yanke, ni ina cikin takaba. Aka yi wa yarinya takardar haihuwa da sunan mijin yayar, wai don a sa ta a igamarsu, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Da farko ana haɗa mu a waya, daga baya sai a ce tana makaranta, tana barci. Da mijin yayar ya rasu igama ta mutu, aka dawo da su duka. Yarinyar da na haifa ta zo ba ta jin Hausa sosai, ta tsaya a ƙofar ɗakina tana gaishe ni kamar baƙuwa. Takardunta duk sun ce ba 'yata ba ce, ba 'yar ubanta ba ce. Da aka zo rabon gidan kakansu sai wani baffan ya ɗauko wannan takardar ya ce ai ga ubanta a rubuce. Shi fa ya kai ta aka yi takardar! Har yau ba ta kira ni Umma ba. Kin ce dangi sun yarda. Uwarta fa, da bakinta ta ce ta yarda, ko kunya ce ta rufe mata baki?

Uwar Biyu: Innalillahi. Maman Hassana kin sa ni hawaye. Allah ya isar miki.

Direban Kazaure: To ai ba kowa ne haka ba. Fasfo dai naira 50,000 ne, a fara da shi.

Mai Shagon Kwamfuta, Dutse: Wannan tsohon kuɗi ne. Tun Satumban 2025 ƙaramin fasfo ya koma naira 100,000. Kuma sai da lambar NIN da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da amincewar iyaye a rubuce.

Uwar Biyu: Ni 170,000 na ba wani ya yi wa ɗana, har da kuɗin mota.

Gwauron Taura: Anti ni ma maraya ne, shekarata 34, ina wanke-wanke ina shara. A ɗauke ni riƙo, sanyi ba ya damuna.

Anti Ta Birmingham: Ku bar maganar fasfo, ba nan gizo ke saƙa ba. Ƙanwata, na bi hanyar nan saboda ɗan yayata. Tun Maris 2021 Ingila ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita ɗauko 'ya'yan riƙo daga cikinsu, saboda takardun bogi da cinikin jarirai, sai an roƙi a duba lamarin mutum na musamman. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 wadda ƙasashe ke bi a kan wannan. Takardar riƙo da alƙali zai ba ki a gida tana da amfani a gida, amma a nan ba ta mayar da yarinya 'yarki ba. Akwai ƙofar da ɗan dangi ke bi ya zo wurin ɗan uwansa, to ta masu zaman dindindin ce, kuma in uwa na raye sai sun tambayi me ya hana ta riƙe 'yarta. Kada ki yarda wani ya ce a rubuta ke kika haife ta. In suka yi shakka maganar gwajin jini za ta taso, ki rasa yarinya ki jefa bizarki cikin hatsari. Ni a ƙarshe makaranta na sa shi a Kano, ina biya daga nan.

Malamin Islamiyya: Dokar Turawa ba ta gaban ta Allah. Malamai ya kamata ta tambaya.

Anti Ta Birmingham: Allah gafarta Malam, ban musa maganarka ba, ita ma ta hana sauya sunan uba. Amma ba malami ne ke buga biza ba.

Direban Kazaure: Ku na waje kullum sai tsoratar da mutane. Da kuka tafi ku wa ya hana ku?

Ummu 'Yar Ringim: Na gode Anti. Maman Hassana, gaskiya da baffanninta na yi magana, uwar ban kira ta ba. Yau zan kira ta. Anti, shi roƙon na musamman lauya ake ɗauka a nan ko a gida?

Maman Hassana: Ki kira ta lokacin da mijinta ba ya kusa. Sannan ki tambaya, gonar ƙanenki wa ke nomawa bana?

Uwar Biyu: Yauwa! Shi ya sa suke saurin cewa a ɗauke ta. A garinmu marayu uku ne, baffa ya jinginar da fadamarsu ya ƙara aure, mai unguwa yana kallo.

Malamin Islamiyya: Suratun Nisa'i aya ta 10, wuta suke ci a cikinsu.

Mai Shagon Kwamfuta, Dutse: Namu ma har injin ban-ruwa aka sayar kafin sadakar arba'in. Wai in aka kai ƙara gaban alƙali, sai yaran sun balaga ake raba musu, ko ana iya naɗa wani amintacce ya riƙe tun yanzu?