Masauki, asibiti da sito a fili guda: yaya za a tsara fitilu, AC, hita da ƙararrawar gobara su yi aiki da kansu?

Mai Wayarin:

Assalamu alaikum, manyanmu. An ba ni wayarin wasu gine-gine uku a fili guda a bayan garin Kano: masauki mai ɗaki 24, ƙaramin asibiti mai gado 12, da sito mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30. Ba a yi filasta ba tukuna, ko bututu ba a binne ba. Mai ginin yana so fitilu, AC, hitar ruwan wanka, ƙofofi, kyamarori da ƙararrawar gobara su riƙa aiki da kansu, kuma ya riƙa ganin komai a wayarsa. Akwai wutar gari mai layi uku, janareto 100 kVA da inbata. Shin a haɗe su a tsari guda ne, ko kowanne da nasa? Makunnan WiFi ɗin nan na kasuwa za su ɗauki aikin? Me ya kamata in binne tun yanzu?

Injiniyan Kwantirol:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dacen tambaya kafin filasta, don bayan filasta kowane gyara da kurfi da guduma ake yin sa.

Gani a waya guda daban, dogaro da na'ura guda daban. Mai gini ya ga komai a wayarsa, ba laifi. Amma ƙararrawar gobara da ƙofofin fita su tsaya da ƙafarsu, da fanel ɗinsu (akwatin da ke sarrafa su) da batirinsu, rahoto kawai za su riƙa aika wa sauran tsarin. Ranar da intanet ta yanke ko manhaja ta maƙale, dole ƙararrawa ta yi kuka, ƙofa ta buɗe, makunnin bango ya kunna fitila.

Makunnan WiFi na gida mai ɗaki uku ne. Ka sa tamanin a masauki, duk sanda aka ɗauke wuta su farka tare suna neman rauta, wato na'urar da ke raba WiFi, da ita ma ba ta gama tashi ba, wasu su haɗu wasu su ƙi. Da yawansu kuma ta babbar kwamfutar kamfanin da ke wata ƙasa suke karɓar umarni. In dole sai mara waya, Zigbee, wani tsarin sadarwar ƙananan na'urori, ya fi, amma shi ma a 2.4 GHz yake kamar WiFi, sai ka ajiye shi a tasha ta 15, 20 ko 25 don kada su riƙa take juna.

Abin da za ka binne: ka kai wayar nutiral kowane akwatin makunni, domin wayarin da muka gada daga Ingila a silin yake barin ta, kuma yawancin makunnan zamani ba sa aiki sai da ita. Akwatin ya zama mai zurfin milimita 47. Ka ware bututu na milimita 25 daga kowane ɗaki zuwa allon rarraba wuta na benen, na wayar sadarwa kaɗai, ka bar igiyar ja a ciki. Tsakanin gini da gini kuwa faiba za ka ja, wato kebul ɗin gilashi mai aika saƙo da haske, kada ka ja jan ƙarfe. Aradu ɗaya a damina ta isa ta bi kebul ɗin ta ƙone na'urorin gefe biyu, saboda wayar ƙasa ta kowane gini ba ta zama daidai da ta ɗan'uwansa a lokacin. Kowane babban allo kuma ya samu na'urar tare tsawa.

Ga masauki da asibiti ni KNX zan zaɓa. Tsari ne da makunnai da na'urori ke magana da juna ta koren kebul mai ɗaukar kusan 30V tare da saƙo. Layi ɗaya kada ya wuce mita 1000 gaba ɗaya, kada wata na'ura ta yi nisan fiye da mita 350 da mai ba ta wuta, kuma mai ba da wuta na 640mA yana ciyar da na'ura 64 in kowacce tana cin 10mA. KNX ba shi da ƙwaƙwalwa guda da in ta mutu komai zai tsaya. Ka ɗora shi a kan inbata, ka sayi rile (makunnan da saƙon lantarki ke kunnawa) masu maɓallin hannu a jikinsu, kuma ka karɓi fayil ɗin ETS, manhajar da ake saita KNX da ita, daga wanda ya tsara shi kafin a biya shi cikon kuɗinsa. In babu fayil ɗin, duk wanda ya zo gyara daga baya sabon aiki zai fara.

Fitilun ɗakin majinyata a sa su a DALI, tsarin sarrafa hasken fitilu, don a iya rage haske da dare: adireshi 64 a layi, mita 300 da waya mai kaurin 1.5mm². Sai dai yadda suke fitowa daga masana'anta, duk sanda wuta ta dawo cikakken haske suke bayarwa. A ƙasar da ba a ɗauke wuta ba wanda ya damu. A nan kuwa janareto zai karɓa ƙarfe 2 na dare, majinyata duka su farka. A saita su su koma hasken da suke kafin a ɗauke.

Hajiya ta Sashen Gobara:

Injiniya ya faɗi gaskiya a kan raba ƙararrawa. Bari in ƙara adadi, ɗan'uwa, bisa BS 5839, ƙa'idar Birtaniya ta tsarin ƙararrawar gobara.

Sensar hayaƙi tana kula da mita 7.5 ta kowane gefe, ta zafi mita 5.3. A sitonka ke nan ta hayaƙi 6 ce, sahu biyu uku-uku, ta zafi kuwa 8. Kowacce ta nisanci bango da santimita 50, ta nisanci bakin iskar AC da mita 1, in ba haka ba iskar za ta kore hayaƙin kafin ya shiga cikinta.

Babbar matsalarmu ƙurar hunturu ce. Sensar hayaƙi haske take haskawa a cikin wani ɗan ƙoƙo, in wani abu ya watsa hasken sai ta ce gobara. Ba ta bambance hayaƙi da hazo. Sito mai buɗaɗɗiyar ƙofa a watan Janairu zai yi ta kukan ƙarya har mai gadi ya gaji ya zare batir, kuma daga ranar ginin ba shi da ƙararrawa. Don haka a sito da kicin da ɗakin janareto a sa ta zafi. A nan ma da lura: ajin A1 yana tashi tsakanin digiri 54 da 65, ƙarƙashin kwano kuwa a watan Afrilu zafi kan haura 50. Ajin B, mai tashi daga 69 zuwa 85, shi ya dace. Ɗakunan kwana da korido su ne na sensar hayaƙi. A bar musu murfin ledarsu har a gama fenti da POP, sannan a cire. Ana yawan mantawa da cirewar.

Fanel mai adireshi za ka saya, wanda zai rubuta "ɗaki na 17", ba wanda zai ce "bene na sama" a bar mutane suna ƙwanƙwasa ƙofofi ba. Jan kebul mai jure wuta, a bututunsa shi kaɗai. Batirin ya riƙe awa 24 babu wuta sannan ya iya kuka minti 30, kuma a zafinmu batir ba ya kai shekarun da aka rubuta masa, a riƙa gwada shi. Ƙarar ta kai desibel 75 a kan matashin mai barci, ƙofa rufe, AC na aiki. Ƙararrawar korido kaɗai ba ta kai wannan, sai an sa ƙarama a kowane ɗaki. A asibiti akasin haka ake so: saƙo ya fara zuwa teburin nas, su ne za su fitar da majinyata, ba a firgita wanda ke kan ƙarin ruwa ba.

Kubar maganaɗisu tana riƙe ƙofa ne muddin tana samun wuta. Wayar wutarta ta bi ta cikin rilen fanel ɗin gobara kai tsaye, ba ta manhaja ba, sannan a sa koren akwatin fasawa a gefen ƙofar. Ɗakin magani kuwa a sa kubar da ke zama a kulle in wuta ta tafi, amma mai mariƙin da ke buɗewa daga ciki. Duk wannan banza ne in mai gadi yana ɗaure ƙofar baya da sarƙa da kwaɗo, a gaya wa mai ginin tun yanzu.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Sensarsa santimita 30 daga daɓe, ba a silin ba, a haɗa ta da bawul mai rufe kansa in ya rasa wuta, wanda sai da hannu ake sake buɗe shi.

Mai AC da Famfo:

Da izinin Injiniya, KNX a kowane ɗaki na masauki mai ɗaki 24, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, kuma masu iya ETS ba su da yawa a kusa. A bar shi a asibiti da korido. A ɗakuna makunnin kati da kwantakta (babban rile mai ɗaukar lodi) 25A sun wadatar, muddin mai karanta katin ƙofar ne, don na arha ko katin waya aka cusa masa zai kunna. Soket ɗin firji kada ya bi ta kwantaktar.

Inda kuɗin yake shi ne lissafin lodi. Janareto 100 kVA kilowat 80 ne. Hita 24 masu kilowat 1.5 sun ci 36. AC 24 na doki ɗaya da rabi sun ci kusan 29. Masauki kaɗai ya kai 65, ba a taɓa asibiti da famfon burtsatse ba. Da asubar hunturu kowa zai kunna hita lokaci guda. Mafita a raba su rukuni 4, shida-shida, biyu a kowane layi don kada layi ɗaya ya ɗauki nauyin. Lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 tana cin kusan yunit 2.3, awa ɗaya da rabi ke nan. Agogo ya fara rukunin farko ƙarfe 10 na dare, na ƙarshe ya gama wajen 4, kafin kiran assalatu kowa da ruwan zafinsa, kuma lodin bai taɓa wuce kilowat 9 ba.

Kada a rage zafin hita zuwa 40 da sunan tattali. Ƙwayar Legionella, wadda aka gano bayan ta kashe mahalarta wani taro a otal a Philadelphia ta Amurka a 1976, tana hayayyafa a ruwa mai digiri 20 zuwa 45, kuma ta ƙananan ɗigon ruwan da shawa ke fesawa take shiga huhu. A ajiye ruwan a 60. A asibiti a sa bawul mai gauraya zafi da sanyi a bakin famfo ya sauke shi zuwa kusan 41 don kada ya ƙona yaro ko tsoho. Tankin kan rufi shi ma a bazara cikin wannan zangon yake zama, saboda haka ɗakin da ya yi mako babu baƙo a sakar masa famfo na 'yan mintuna.

AC kuwa ba ya son a yanke masa wuta a mayar nan take. Kwamfuresa na buƙatar minti 3 matsin gas ya daidaita, in ba haka ba ya tashi da nauyi ya ja wuta har kafasita ta tafi. A sa rilen jinkiri, kuma in janareto ya karɓa, asibiti ya fara shiga, sannan AC rukuni-rukuni da tazarar daƙiƙa 10, hita a ƙarshe. Firjin allurar rigakafi, mai zama tsakanin digiri 2 da 8, da soket ɗin na'urar iskar oksijin su hau inbata, a yi musu jan soket don kada wani ya jona tukunyar shayi.

Mai Wayarin:

Allah ya ƙara sani, na ɗauki darasi. Saura fitilun sito da banɗaki da kyamarori. Sensar motsi iri ɗaya za ta yi ko'ina?

Injiniyan Kwantirol:

Na yarda da Malam mai AC a kan ɗakunan, amma bututun dai a binne, ko an bar shi fanko.

Ba iri ɗaya ba ce. Sensar motsin da ake kira PIR bambancin zafin jiki da na wuri take gani. In sito ya kai digiri 36 ko 37, mutum da bango sun zama ɗaya a wurinta, sai ma'aikaci ya yi ta ɗaga hannu a duhu. Can ta maikurowef mai 5.8 GHz ta fi, ba ruwanta da zafi. Ita kuma tana ratsa filawud da silin mara kauri, kuma fanka na ruɗa ta, don haka a koridon masauki PIR ce ta dace. Banɗaki a ba shi jinkirin minti 10 zuwa 15. Matakala da korido kada su mutu gaba ɗaya, su sauka zuwa kashi 20 cikin 100. Ɗakin haihuwa da na tiyata da na majinyata babu sensar da za ta kashe fitila, makunnin hannu kawai. Manyan fitilun LED na sito suna fizgar wuta mai yawa a ƙiftawar farko har su narkar da bakin ƙaramin rilen sensa ya manne, fitila ta ƙi mutuwa. Sensa ta ja kwantakta, kwantakta ta ja fitilu, bireka ta zama nau'in C. Fitilun gaggawa masu batirin awa 3 su ci daga layin fitilun wurin da suke, don su kama ko da birekar wurin kaɗai ce ta faɗi.

Kyamara: kebul ɗin sadarwa Cat6 na jan ƙarfe zalla, kada ya wuce mita 100. Akwai na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, da rana hoto lafiya lau, da dare fitilun kyamarar su kama ta ja wuta sai ta riƙa mutuwa tana tashi. Kankare wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka mayar wa mai shago. Kyamara mai 4 Mbps tana cin gigabait 43 a yini, guda 16 na kwana 30 kusan terabait 21 ke nan, sai a sayi faifai daidai da haka ko a sa wasu su ɗauka sai sun ga motsi. A canja kalmar sirrin masana'anta, a raba layinsu da WiFi ɗin baƙi.

Ranar miƙa aiki, mai gini na tsaye, a zare intanet a gwada kowane makunni, a yanke wutar gari a ga jerin yadda lodi ke hawa janareto, sannan a danna akwatin kunna ƙararrawar gobara da hannu mafi nisa a zagaya a tura kowace ƙofar fita da hannu. Bayan nan akwati ɗaya kowane mako, ana juyawa, ana rubutawa a littafi.