Ina son kai ɗana farautar barewa a dajin sojoji na Fort Campbell, ina neman shawara

Baban Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina zaune da iyalina a Clarksville ta jihar Tennessee, kuma ɗana mai shekara 12 ya matsa mini lamba in kai shi farautar barewa, tun ranar da na ba shi labarin kakansa, wanda maharbi ne a ƙauyenmu. Ni kaina jakar Baba kawai na riƙa ɗauka ina binsa a baya, ban taɓa ɗana kunamar bindiga a daji ba sai a nan Amurka, a wurin koyon harbi. Wani abokin aikina ya ce farar hula ma suna shiga dajin sansanin Fort Campbell su yi farauta, abin da ya ba ni mamaki ƙwarai, domin a gida ba wanda zai tunkari barikin soja da bindiga a kafaɗa. Shin da gaske ne, kuma waɗanne takardu ake nema? Mahaifiyar yaron ba ta amince ba tukuna, kuma ban ga laifinta ba. Ina kuma son sanin hukuncin naman da harsashi ya kashe.

Tsohon Soja:

Wa alaikumus salam, Baban Sadiq. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Tun 1960 akwai wata doka da ake kira Sikes Act, wadda ta ɗora wa sojojin Amurka nauyin kula da dazuzzuka da namun dajin da ke cikin filayensu, ta kuma ba da damar a buɗe wa jama'a su yi farauta matuƙar hakan bai ci karo da aikin soja ba, sannan kuɗin izinin da kuka biya a kan kula da dajin sansanin ake kashe shi. Fort Campbell, mazaunin runduna ta 101, fili ne da ya haura eka 100,000 a kan iyakar Tennessee da Kentucky, kuma galibinsa dajin atisaye ne.

Za ka nemi lasisin farauta na jiha, ka ƙara da izinin sansanin, ka yi wa bindigarka rajista a wurinsu kafin ka shiga da ita, kuma za su binciki tarihinka kafin su ba ka takardar shiga. A Tennessee duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1969 sai ya yi kwas ɗin koyar da mafarauta, kuma yaro mai shekarun ɗanka ma ya shiga cikin hukuncin, saboda haka ku yi shi tare. Ka karanta dokar sansanin ta wannan shekarar kafin ka sayi makami, domin wasu sansanonin sun taƙaita farautar barewa ga kwari da baka, da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki irin adakar gida, da makamantansu.

Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne, soja ne mai wurin, kai baƙo ne. An yanka dajin gida-gida, kowane yanki da lambarsa, kuma ta manhajar iSportsman za ka ga wanda aka buɗe, ka sa sunanka a ciki, idan ka fito kuma ka cire. Yankin da yake a buɗe jiya ana iya rufe shi yau saboda atisaye, ko da kun taso tun asuba. Wanda ya manta bai cire sunansa ba, ɗauka ake yi yana cikin daji ya sami matsala, a tashi mutane nemansa, daga baya a dakatar da izininsa. Sannan akwai bama-bamai da harsasan manyan bindigogi da ba su fashe ba, wasu sun shekara da shekaru a ƙasa, sun yi tsatsa har sun zama kamar guntun bututun ruwa, irin abin da yaro zai sa ƙafa ya shura don ya ga mene ne. Ka koya masa tun daga gida cewa duk ƙarfen da ya gani kada ya taɓa, ya juya ta hanyar da ya biyo, ku sanar da jami'ai. Idan bai iya maimaita maka wannan da bakinsa ba, to lokacin kai shi bai yi ba.

Maman Hanifa:

Baban Sadiq, ina fahimtar fargabar maiɗakinka, don ni ma sai da na yi shekara biyu ina hana maigidana tafiya da 'yarmu. Da na amince, cewa na yi da ni za a je, a wani sansanin da ke kusa da mu, a ranakun da aka keɓe wa yara. A irin waɗannan ranaku babba ba ya harbi, aikinsa ya zauna kusa da yaron yadda hannunsa zai kai ga bindigar nan take, kuma a dokar Tennessee sai babban ya kai shekara 21. Dukanku za ku sa riga da hula masu ruwan goro mai ƙyalli don sauran mafarauta su hango ku.

Mun shiga ɗan tantin ɓuya kafin gari ya waye, sanyi yana ratsa takalmi, yarinyar da toshiyar kunne, daga can nesa muna jin rugugin manyan bindigogi. Wajen ƙarfe takwas sai ga barewa ta fito bakin fili, kuma ba irin tamu ta Sahel ba ce, wannan ta fi girma nesa, ga farin gashi a ƙarƙashin wutsiya. Hanifa ta ɗora kumatunta a kan bindigar, ina ganin bakin bindigar yana rawa saboda yadda numfashinta yake fita. Babanta ya raɗa mata cewa idan ba ta natsu ba ta bari. Ta ɗaga kai ta ce ba za ta iya ba, ya mayar da makullin bindigar, muka zauna muna kallon dabbar har ta shige. Ban taɓa ganin girman maigidana kamar ranar ba, domin ko kalma ɗaya ta ƙorafi bai furta ba, duk da kuɗin da aka kashe da barcin da aka rasa. Shawarata ita ce ku zauna a ƙasa, kada ka hau da shi kujerar kan bishiya a shekarar farko, domin faɗowa daga can na cikin abubuwan da suka fi raunata mafarauta a ƙasar nan.

Almajirin Malam:

Game da naman, Yaya, asalin hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka halatta abin da makami ya huda aka kuma ambaci sunan Allah a kansa, aka hana wanda ya mutu da bugu kawai. Malamai da yawa, har da na mazhabar Malikiyya na baya-baya, sun sanya harsashi cikin abin da yake hudawa ya zubar da jini. Wanda zai harba shi ne zai yi bisimilla a lokacin harbin, don haka Sadiq za ka koya wa, kuma idan kun iske ta da sauran rai dole ne a yanka ta, sai ka tafi da wuƙa mai kaifi. Ka kuma tambaya ko ana gwajin cutar CWD a yankin, wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama barewa, wadda aka tabbatar ta shigo yammacin Tennessee a ƙarshen 2018, domin hukumomin lafiya sun ce kada a ci naman dabbar da aka same ta da ita.

Baban Sadiq:

Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa mahaifiyarsa amsar Maman Hanifa, ta ce ta yarda mu yi kwas ɗin, amma batun shiga daji sai ta ga takardar shaidarsa da idonta, kuma ita ma za ta bi mu. Yallaɓai Tsohon Soja, a wane ofishi ake yi wa bindigar rajista, kuma da ita ake zuwa ko lambarta kawai ake kaiwa?