Auna ƙarfin sigina a Android da iPhone: Wi-Fi ko Bluetooth?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Wani Alhaji mai shaguna uku a Kantin Kwari ya ba ni aikin manhajar da za ta nuna masa ko yaransa suna bakin shago, ta hanyar auna ƙarfin siginar wata na'ura da ke ciki. Da Flutter nake rubuta ta, wato kayan aikin rubuta manhaja ɗaya da za ta yi aiki a Android da iPhone, domin biyu daga cikin yaran iPhone suke riƙewa. Shin in dogara da Wi-Fi ɗin shagon, ko in sayi ƙananan na'urorin Bluetooth?

Na Kurna: Ka sa musu GPS kawai, ka huta.

Injiniya: Wa alaikumus salam. GPS ba ya bambance shago da maƙwabcinsa a ƙarƙashin rufin kasuwa. Ƙanena, ka cire Wi-Fi daga lissafi, domin iPhone ba ta barin manhaja ta lalubo Wi-Fi ɗin da ke kewaye sai da izini na musamman daga Apple, Android kuma tun siga ta 9 sau huɗu kacal take bari a lalubo cikin minti biyu. Bluetooth kuwa dukkansu suna ba da ƙarfinsa: a ma'aunin ƙarfin sigina na dBm, -50 kusa ne, -90 ya kusa ɓacewa.

Malamar Hotoro: Injiniya, lambar nan ce ta ja mini asara. Na yi wa wata makaranta mai zaman kanta irin wannan aiki, na gwada shi ranar Asabar ajin babu kowa, komai ya tafi daidai. Ranar Litinin ɗalibai suka cika aji, jikin mutum kuwa yana shanye siginar 2.4 GHz da Bluetooth ke aiki da ita, sai -60 ta koma -80, manhaja ta rubuta cewa malamin da ke tsaye gaban allo bai zo ba. Aka yanke masa albashi, ya zo har gida yana yi wa mahaifina ƙorafi, mai makarantar kuma ya riƙe cikon kuɗina har yau.

Na Kurna: To, a Kwari ma dilar atamfa za ta shanye siginar, Alhaji ya kori yaron da ke barci a bayanta, wanda dama ya cancanci kora.

Injiniya: Malama, da kin ɗauki matsakaicin awo goma maimakon awo ɗaya. Ni ESP32 nake sakawa, wata ƙaramar na'ura mai fitar da siginar Bluetooth, naira 9,000 na saya.

Mai Gyara a Farm Centre: Ranka ya daɗe, wannan tsohon farashi ne, 14,000 na biya makon jiya. Kuma ku da kuke gwaji a ofis ba ku san wayoyin da ke hannun yaran shago ba: waya biyu a kan teburi ɗaya lambobinsu ba sa zuwa daidai, masu arha kuma suna kashe manhaja da zarar an rufe fuska.

Injiniya: Gyaran waya daban, rubuta manhaja daban.

Malamar Hotoro: Shi dai ya faɗi abin da na gani da idona. Ɗan Gwale, ka karɓi rabin kuɗinka tukuna, kuma ka rubuta wanda zai biya dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara daga masu rubuta manhajar iPhone.

Ɗan Gwale: Yaya, ai Alhaji cewa ya yi sai ya ga tana aiki zai ba ni ko kwabo.